Mai Gwanjon Kayan Wasa da Manyan Kwastomominsa

Ranar da kasuwar Monday ta Kakuri ke ci, cikin 'yan gwanjo akwai waɗanda ko riga ɗaya babu a gabansu. Buhu ne a shimfiɗe, an zube 'yan tsana, ƙananan motoci, bindigar ruwa, da jirgin sama mai fiffike ɗaya. Iyaye mata daga Maƙera da Barnawa su tsuguna su zaɓa wa yara na kuɗi kaɗan su wuce. Amma kayan da mai sana'ar ke ji da su ba sa cikin wannan tarin. Suna cikin leda ƙarƙashin benci, sai wanda ya san su ake fito wa da su.

Motoci ne da ke rikiɗa su koma mutum-mutumi. Ka ja gaban motar ya zama ƙirji, ka buɗe ƙofofi hannuwa su fito, ka miƙe bayanta ƙafafu su tsaya. Kamfanin Takara na Japan ne ya ƙera su a farkon shekarun 1980 da sunan Diaclone, sannan Hasbro na Amurka ya sayi izini ya fito da su a 1984 da sunan Transformers. Jagoransu Optimus Prime jan kan tirela ne. Bumblebee kuwa da farko ƙaramar Volkswagen ce ruwan ɗorawa, sai a fim ɗin 2007 aka mayar da shi Camaro.

Sana'ar daga fasa dila take farawa. Kayan na tasowa daga Turai da Amurka, su biyo ta Kwatano ko Legas, a ɗaure ake sayensu, ba mai ce maka ga abin da ke ciki. Wani buhun a dace, wani a kwana da takaici. Idan an zazzage, aikin ido ne ya rage. Mai kayan zai juya mutum-mutumin ya leƙa bayan cinya ko ƙarƙashin motar, inda ake buga sunan kamfani da shekara. Ya auna nauyinsa a tafin hannu, don na farkon nan da ƙarfe a jikinsu, wasu tayoyinsu ma na roba ne mai laushi. Ya lanƙwasa gwiwa ya saurara: na asali yakan yi ƙas-ƙas ya tsaya inda aka bar shi. Jabun da ake kwaikwayo, irin masu arha da ke cika kasuwa, robarsu sakayau ce, juyi biyu yaro zai yi hannu ya ɓalle.

Da wuya a samu guda cikakke. Wannan ba kai, wancan ba ƙofa. Shi ya sa gwanin sana'ar ba ya zubar da komai. Yana da gwangwanin madara cike da hannuwa, tayoyi da kusoshi ƙanana kamar ƙwayar gero, kuma zai iya ajiye gangar jiki wata da watanni yana jiran buhun da zai kawo masa kanta. Wanki da tsohon buroshin haƙori da ruwan omo ake yi, a hankali, kada tambarin da ke manne ya saɓule. Gaɓar da ta saki sai a cire ta, a shafa mata gam siriri, a bari ya bushe sarai kafin a mayar. Wanda ya yi gaggawa a nan ya manne ta har abada, kuma motar da ba ta rikiɗa ba ta da kasuwa.

To su wa ke saye? Magidanta, da gemunsu da furfurarsu. Mutum zai zo ya ce, "Malam, ɗan yarona nake nema wa." Mai kayan ya ce, "To Alhaji, Allah ya raya." Sai ka ga Alhajin ya karɓa ya mayar da tirelar mutum cikin minti ɗaya ba tare da ya tambayi kowa ba, har yana ƙorafin babu bindigar hannunsa. Yaron dai ba zai taɓa ta ba, kabad ɗin gilashi za ta.

Ni ban ga abin mamaki ba idan aka tuna inda suka tashi. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, Peugeot kuma ya soma haɗa motoci a Kakuri a 1975. 'Ya'yan ma'aikatan nan sun girma suna kallon sababbin 504 na fitowa, su koma gida su lanƙwasa waya, su yanka gwangwani, su yi taya da tsohon silifas. Masaƙun sun rufe, KTL a 2002, UNTL a 2007, amma son inji bai fita daga ran yaran ba. Yau da suka samu abin hannunsu suna sayen abin da a da sai dai su gani a talabijin. Kamfanonin ma sun san da haka: tun 2003 Takara ya fito da jerin Masterpiece don manya zalla.

Uwargida za ta ce kuɗin cefane ne aka kai wa roba, kuma idan da gaske daga cefanen aka yanka, tana da gaskiya, ba mai kare shi. Amma a garin nan muna da masu kiwon tattabara da ke zuba kuɗi kan tsuntsu guda, muna da masu doki da sai ranar hawan salla ake ganin amfaninsa, ba wanda ya ce da su yara. Wanda ya sauke haƙƙin gida, ya biya kuɗin makaranta, ragowar tasa ce. Kuma kuɗin ba Amurka ya tafi ba, aljihun mai buhun nan ya shiga, shi ma da iyalinsa.

Saboda haka idan ka je, ka bar ƙaryar yaro. Ka ce naka ne, ka nemi a fito da na cikin leda, ka juya shi gaba da baya a gaban mai kayan kafin ku yi ciniki.