Tanadin Tsira ga Yarinyar da Saurayi Yake Cutarwa

A shekarar 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana sakamakon wani bincike wanda ya wajaba kowane uba da kowace uwa su yi tadabburinsa, domin ya nuna cewa a cikin 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 waɗanda suka taɓa yin saurayi ko miji, kusan ɗaya bisa huɗu, wato kimanin miliyan 19, sukan gamu da duka ko fyaɗe daga hannun wanda yake da'awar ƙaunarsu tun ba su cika shekara 20 ba.

Galiban lamarin ba ya farawa da mari. Saurayi ne zai kawo waya a matsayin toshi, yarinya ta karɓa da murna, bayan 'yan makonni sai ya nemi lambar buɗe ta, ya riƙa bin saƙonni ɗaya bayan ɗaya a zaure yana tambaya, "Wannan kuma wane ne?" Daga nan ya raba ta da ƙawayenta, ya hana ta zuwa biki, har ranar da zai murɗe mata hannu ya ce, "In ba ni ba, sai rijiya." Ita kuwa, da yake ƙuruciya ba ta ba ta ma'aunin rarrabe kishi da zalunci ba, sai ta ɗauka tsananin so ne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, wanda kuma masu bincike a kan kisan mata suka daɗe da tabbatarwa, shi ne cewa haɗari yana kai matuƙa a lokacin da mace ta ƙudura rabuwa, saboda azzalumin da ya ga mulkinsa zai kuɓuce masa ba ya jin kunyar kowace irin ta'asa; kuma wadda aka taɓa shaƙe wa wuya, ko da sau ɗaya ne, haɗarin a kashe ta yana ninkuwa kusan sau 7. Mutanen Kano ba su manta da matashiyar da wani mai neman aurenta ya bi har gidan iyayenta a Janbulo ya soke ta da wuƙa a watan Satumba na 2022 ba.

Don haka rabuwa tana bukatar tanadi tun kafin ranarta. Farkon tanadin shi ne yarinya ta zaɓi babba guda wanda ta amince da shi, inna ce ko goggo ko malamar Islamiyya, ta shaida masa haƙiƙanin abin da ake ciki, su yi ittifaƙi a kan wata kalma, misali ta ce "a ajiye mini tuwo", wadda da zarar an ji ta a waya an san tana cikin matsi. Ta haddace lambobin mutum biyu, domin waya ita ce abin da ake fara fizgewa. Kada kuɗin mota su rabu da jikinta. Ta sauya lambobin sirrinta da hanyar makaranta, ta kuma adana saƙonnin barazana a wurin amintaccen nan nata, don su ne hujja gaban alƙali. Kayan toshi manya ne za su mayar, kuma duk roƙon da zai yi na a haɗu a keɓe don sallama ta ƙarshe, kada ta amsa. Lambar gaggawa a Nijeriya ita ce 112. Idan kuwa, Allah Ya kiyaye, an yi mata fyaɗe, maganin rigakafin ƙanjamau yana aiki ne in an fara shi cikin awa 72, kuma cibiyoyi irin su Waraka a Kano da Salama a Kaduna don haka aka buɗe su.

Malaman usulu sun lissafa kiyaye rai a cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su, amma da yawa daga 'ya'yanmu sun gwammace haƙuri da dukan saurayi a kan faɗan gida, don sun san tambayar farko da za a yi musu ita ce, "Wa ya aike ki?" Ya ku iyaye, ranar da 'yarku ta zo da wannan magana, ku zaunar da ita ku saurara har ta gama, ku fara tsare lafiyarta, nasiha ta biyo baya.