Nisan Kano Da Jidda, Da Lissafin Lokacin Matafiyi

Mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura sun gaji labarin zamanin da mai niyyar Gabas kan yi ban kwana da iyalinsa kamar ba zai komo ba. Hanyar kuwa ta Barno ce, a ratsa Wadai da Darfur, a kai Hartum, sa'an nan Sawakin a bakin Bahar Maliya. Mai ƙaramin guzuri yakan tsaya ya yi noma ko ƙodago, har tafiya ta cinye shekaru.

A 1925 jiragen sama suka fara sauka Kano, sun taso daga Masar. Yau daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, in an miƙe sak, nisan ya kai kimanin kilomita 3,400, watau mil 2,100 da 'yan kai. Jirgi yakan ci kilomita 800 zuwa 900 a sa'a guda. In an haɗa da tashi da sauka, tafiyar takan ɗauki sa'a huɗu da rabi ko biyar.

Malamai sun san tafiyar ƙasaru a mazhabar Maliku mil 48 ce, kusan kamar daga Kazaure zuwa Kano. Jirgi yakan shafe wannan cikin minti shida.

To, ga inda matafiyi kan ruɗe. Jidda tana gabas da Kano da daraja 30 a ma'aunin masana falaki, kowace daraja 15 kuwa sa'a guda ce ta tafiyar rana. Saboda haka agogon Jidda ya riga na Kano da sa'a biyu. Wanda ya tashi da ƙarfe 12 na rana, agogonsa zai nuna 4 da rabi sa'ad da ya sauka, alhali a can ƙarfe 6 da rabi ne, rana ta fāɗi ko tana gab da fāɗuwa. Azahar da La'asar duka sun same shi a sama. Ɗan kasuwa ma da ya yi alkawari da abokin cinikinsa, in ya dogara ga agogon gida, sai ya makara.

Miƙaƙƙiyar hanyar nan ta saman Cadi da Sudan take bi, kamar ta magabata. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu 2023, aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazai suka yi kewaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin kujera ya ƙaru.

Ya kamata mai shirin tafiya ya tambayi sa'ar tashi da ta sauka tun yana gida, ya kai wa malaminsa lissafin don ya san yadda zai yi da sallolinsa, in ya sauka kuma ya gyara agogo. Allah ya kai kowa lafiya, ya komo da shi lafiya, amin.