Libarba a Jakar Goyo: Lissafin Masu Tattaki a Dazukan Amurka

A Amurka akwai mutanen da hutunsu shi ne su goya jaka su shiga daji a ƙafa, su yi kwanaki ko watanni suna kwana a tanti. Hanyar Appalachian kaɗai, wadda ta taso daga jihar Jojiya ta dire a jihar Maine, ta kai kusan kilomita 3,500, kuma ta ratsa jihohi 14. Mai irin wannan tafiya ba shi da abokin gaba kamar nauyi. Akwai masu yanke mariƙin buroshin goge baki don rage giram kaɗan. To sai ga wannan mutumin mai ƙirga giram yana tunanin ƙara ƙarfe a cikin kayansa: ƙaramar bindiga, maras nauyi, maras tsada, wadda za ta kare shi idan ta ɓaci.

Galibi hankalinsu kan tafi ga libarba, wato bindigar hannu mai ganga da ke juyawa da harsashi biyar ko shida, irin wadda Samuel Colt ya yi wa rajista a 1836. Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne. Ba ta da tarkace da yawa da mai ita zai tuna a lokacin firgici. Idan harsashi ya ƙi tashi, sake jan kunama kawai za a yi, ganga ta kawo na gaba. Tana iya shafe watanni a ɗure ba tare da ta sauya hali ba. Kuma idan dabba ta riga ta danne mutum har bakin bindiga ya taɓa jikinta, libarba za ta tashi, alhali fistol mai zamiya kan iya cijewa a irin wannan yanayi.

Matsalar ita ce abubuwa uku da mai saye ke nema, rashin nauyi da araha da ƙarfi, ba sa haɗuwa a bindiga ɗaya. Biyu ake samu, a haƙura da na ukun.

A ɗauki waɗanda aka fi gani a kantunan bindiga. Kamfanin Smith & Wesson yana da samfurin 642, mai jikin alminiyam, nauyinsa giram 400 da 'yan kai, yana cin harsashi biyar na .38 Special. Ruger ya fito da LCR a 2009, wani sashe na jikinta roba ce mai tauri, nauyinta kusan giram 380. Taurus na ƙasar Brazil da Charter Arms na jihar Connecticut suna yin makamantansu a farashi mai rahusa. A 'yan shekarun nan dukkansu ana samunsu tsakanin dala 300 da 'yan kai zuwa 600 ko sama kaɗan. Sun cika sharaɗi biyu na farko. Amma harsashin .38 Special, wanda ya fito tun 1898, 'yan sanda ne suka yi ta amfani da shi a kan titi. Ba don dabba mai nauyin kilo 200 aka yi shi ba, balle kuma daga bututu mai tsawon da bai kai inci biyu ba.

Wanda ya ce shi ƙarfi yake so, sai ya koma ga .44 Magnum ko .454 Casull. Ruger Super Redhawk Alaskan, wadda aka ƙera don masu shiga yankin beyar, wannan ƙatuwar dabba mai gashi da farata, ta haura kilo ɗaya da giram 200 tun kafin a ɗura ta. Idan kuma ya dage sai mai ƙarfi kuma maras nauyi, akwai Smith & Wesson 329PD, wadda aka haɗa jikinta da alminiyam mai gaurayen sinadarin sikandiyam, gangarta kuma ta taitaniyam. Nauyinta wajen giram 700, farashinta ya wuce dala dubu. Araha ta tafi ke nan.

Akwai wani haraji da ba a rubuta shi a takardar farashi, shi ne shurin bindiga. Duk ƙarfin da ya tura harsashi gaba, kwatankwacinsa ne ke tura bindiga baya, kuma nauyin ƙarfen ne ke shanye wani kaso kafin ya isa tafin hannu. Rage nauyin bindiga da rabi, ka bar harsashin yadda yake, saurin da za ta dawo maka da shi ya ninka. Shi ya sa libarba mai giram 340 da ke cin .357 Magnum, irin su 340PD, ta yi suna wajen azabtar da masu ita. Kamar mutum ne ya tara hannu jaki ya harbe shi. Abin da ke biyo baya sananne ne ga masu koyar da harbi: hannu yakan fara zabura tun kafin harsashi ya fita, saiti ya lalace, mai bindiga ya daina zuwa atisaye saboda zafi, ya ci gaba da yawo da makamin da bai iya ba. A irin waɗannan bindigogi masu tsananin sauƙi, shurin kan sa kan harsasan da ke jira a ganga ya zame daga kwansonsa ya leƙo, har ya hana gangar juyawa. Gajeren bututu kuma ba ya ba albarushi damar gama aikinsa, sai wani kaso na ƙarfin ya tafi a walƙiya da ƙara. Ƙarar .357 ta haura ma'aunin desibel 160, harbi ɗaya ba toshe kunne ya isa ya bar wa mutum lahani a jinsa.

Saboda haka tambayar da ta kamata a fara da ita ba wace bindiga ba ce, a'a, me ake tsoro? Yawancin masu tattaki za su ce beyar. A nan alƙaluma ba su goyi bayan bindiga yadda ake zato ba. Masana biyu, Tom Smith na Jami'ar Brigham Young da Stephen Herrero na Jami'ar Calgary, sun bi diddigin arangamar mutane da beyar a Alaska. A binciken da suka wallafa a 2008 kan feshin barkono da ake yi musamman don beyar, kashi 98 cikin ɗari na waɗanda ke ɗauke da feshin sun tsira ba rauni. A na 2012, wanda ya duba arangama 269 da bindiga ta shiga ciki, ƙaramar bindiga ta yi nasara a kashi 84, doguwa a kashi 76, kuma masu bindigar sun jikkata daidai wa daida ko sun harba ko ba su harba ba. Masu kare bindiga suna sukar yadda aka tattara bayanan, kuma ba a rasa gaskiya a sukar, tunda binciken biyu ba ma'auni ɗaya suka bi ba. Duk da haka hankali ma ya ba da amsa. Beyar na gudun da ya kai kilomita 50 a awa. Mutumin da zuciyarsa ke dukan uku-uku ya fi iya baza hayaƙin barkono mai faɗi a gabansa, da ya saita wuri ɗan ƙarami a jikin dabbar da ke tahowa a guje. Gwangwanin feshin giram 300 ne ko ƙasa, kuɗinsa wajen dala 50. Aibinsa iska mai kaɗowa ta gaba, da kuma wuraren da aka hana shi, kamar gandun Yosemite.

Baƙar beyar, wadda ita ce ke dazukan gabas, ba ta cika kisa ba. Herrero ya ƙirga mutum 63 da ta kashe a Amurka da Kanada daga 1900 zuwa 2009. Maciji mai dafi na saran mutum dubu bakwai zuwa takwas a shekara a Amurka, masu mutuwa wajen biyar, kuma wanda ya hango maciji har ya samu sukunin zare bindiga, ya samu sukunin ja da baya. Nutsewa a ruwa, faɗowa daga tudu da haɗarin mota sun fi namun daji cin rayuka a gandayen ƙasar nesa ba kusa ba.

A ganina, inda ƙaramar libarba ta .38 ke da hujja shi ne ga wanda mutum yake tsoro, ba dabba ba, musamman mai tafiya shi kaɗai kusa da inda hanyar daji ta haɗu da titi. Akwai kuma tsohuwar al'adar riƙe ƙaramar .22 don harbin zomo ko kurege a sa a tukunya, inda dokar farauta ta yarda. Smith & Wesson 317 mai harsashi takwas ba ta kai giram 400 ba, amma da tsada. Heritage Rough Rider ba ta kai dala 200 ba, sai dai ta kusa kilo guda, kuma sai an ɗana ta da babban yatsa kafin kowane harbi.

Wanda ya yanke shawarar saye, kuɗin bindiga somin-taɓi ne. Akwai harsasan atisaye, ɗaruruwa, domin kunamar irin waɗannan bindigogi tana da tauri kuma saitinsu gajere ne. Akwai kube. Ɗamarar jakar goyo tana zama daidai inda kuben ƙugu yake, shi ya sa da yawa ke rataye ta a ƙirji. Wadda aka cusa a ƙasan jaka ƙarƙashin bargo da tukunya kuwa, nauyi kawai mai ita ya ɗauka. Zufa da ruwan sama ma suna da nasu hukunci, don haka ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi dacewa.

Sai doka, wadda ta fi komai rikitarwa. Tun watan Fabrairun 2010 an halatta shiga gandayen tarayya da bindiga bisa dokar jihar da gandun yake, amma ba a shiga da ita gine-ginen gwamnati na ciki, kuma harba ta a yawancinsu laifi ne. Dillali mai lasisi ba ya sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba bindigar hannu, kuma sai an binciki tarihin mai saye. Izinin da jiha ɗaya ta bayar ba lalle ya yi aiki a maƙwabciyarta ba. Mai bin hanyar Appalachian zai ratsa Maryland, New Jersey, New York, Connecticut da Massachusetts, inda bindigar da ta halatta a Jojiya za ta iya kai shi gidan yari. Ƙungiyar da ke kula da hanyar ma ba ta ƙarfafa wa masu tattaki gwiwar ɗaukar bindiga.

Mai karatu a Najeriya kuwa ya sani cewa wannan ciniki na can ne. Dokar makamai ta 1959 ta sanya libarba da fistol a jerin haramtattun makamai, rukuni ɗaya da bindiga mai sarrafa kanta, kuma ba mai riƙe su sai da lasisin shugaban ƙasa.