Taswira a aljihu: Yadda waya ke nuna wa mai sayen fili a Abuja inda yake tsaye

Idan ma'aikacin gwamnati ya shafe shekaru yana tara kuɗi ta hanyar adashi ko ƙungiyar gama-kai ta ma'aikatarsa, ranar da ya tashi sayen fuloti abu biyu ake nuna masa: takarda da fili. Takardar na ɗauke da zanen unguwa da lambar fuloti. Filin kuwa sau da yawa daji ne a bayan Kuje ko Karshi ko Gwagwalada, inda dillali zai miƙa hannu ya ce daga waccan bishiyar zuwa wancan dutsen. Abin da mai saye ba ya iya tantancewa shi ne ko ƙasar da yake takawa ita ce aka zana a takardar.

A wannan giɓin ne dukiyar mutane da dama ta salwanta. Wasu sun yi gini a kan hanyar ruwa, wasu a filin da tsarin birnin na 1979 da zane-zanen da suka biyo bayansa suka keɓe wa titi ko lambu, sai daga baya motar rusau ta iso. Yanzu akwai wata dabara da ke rage wannan duhu, kuma wayar da ke aljihu ta isa a yi ta.

Dabarar ita ce ɗora taswirar takarda a kan manhajar taswira ta waya. Hoton taswira da aka ɗauka da kyamara hoto ne kawai, waya ba ta san wane yanki na duniya yake nunawa ba. Amma akwai nau'in PDF da na hoto mai suna GeoTIFF waɗanda ake saka wa lambobin wuri a cikinsu, ta yadda kowane ɗigo a shafin ya dace da wani takamaiman wuri a doron ƙasa. Idan aka buɗe irin wannan fayil a manhaja kamar Avenza Maps, wadda wani kamfanin Kanada ya ƙera, ko QField, sai shuɗin ɗigo ya bayyana a kan zanen, yana tafiya yadda mai wayar ke tafiya. Google Earth ma na karɓar irin wannan shimfiɗa idan aka mayar da ita KMZ.

Aikin ba ya buƙatar intanet matuƙar an riga an sauke taswirar, domin wayar na karɓar saƙon GPS ne kai tsaye daga taurarin ɗan'adam. Wannan ya sa dabarar ta dace da jami'an da ake turawa duba ayyukan mazaɓu, rijiyoyin burtsatse ko hanyoyin karkara a inda babu sabis. A Amurka, hukumar da ke zana taswirar ƙasa ta daɗe tana fitar da taswirorinta a wannan siga.

A nan gida, yawancin zane-zanen fuloti a takarda suke, don haka sai an haɗa su da ƙasa tukuna. Ana ɗaukar hoton takardar da na'urar sikana, a buɗe shi a kwamfuta da manhajar QGIS, wadda kyauta ce. Daga nan a zaɓi aƙalla wurare uku da aka san lambobinsu, kamar mahaɗar titi ko turakun siminti da safiyo ya kafa, a shigar da lambobin. Idan wuraren sun fi uku kuma sun bazu a kusurwoyin takardar, aikin ya fi inganci.

Sai dai akwai tarko. Tsofaffin taswirorin Najeriya da takardun safiyo masu yawa an auna su ne da ma'aunin Minna, wanda ya samo sunansa daga wata alamar awo da aka kafa kusa da garin Minna tun zamanin Turawan mulkin mallaka. GPS kuwa da ma'aunin WGS 84 yake aiki. Lamba ɗaya a ma'aunan biyu ba wuri ɗaya take nunawa ba, tazarar kan kai gomman mitoci. Fulotin da aka saba sayarwa, mai ƙafa 50 da 100, bai wuce mita 15 da 30 ba. Ke nan wanda bai gaya wa manhajar da wane ma'auni aka yi takardarsa ba, zai iya tsayawa a filin wani, bayan ya tsallake fuloti biyu ko uku, wayar kuma na tabbatar masa cewa nasa ne.

Ko an daidaita ma'aunin, wayar salula kan yi kuskuren kimanin mita biyar a sarari, fiye da haka a gindin dutse ko tsakanin dogayen gine-gine. Ta isa ta nuna cewa dillali ya kai mutum wata unguwa daban, ko cewa filin ya faɗa cikin rafi. Ba ta isa ta nuna inda za a haƙa harsashin katanga ba. Wannan aikin safiyo ne mai rajista, da na'urarsa.

Na ƙarshe, shuɗin ɗigon bai san jabu ba. Idan zanen da aka ɗora na bogi ne, zai bi shi sau da ƙafa. A Babban Birnin Tarayya, wanda doka ta kafa a 1976, Ministan Abuja ne ke da ikon raba filaye, kuma bayanan mallaka na hannun hukumar AGIS da aka kafa zamanin da Malam Nasir El-Rufai ke minista. Hukumomin birnin sun sha nanata cewa takardar ƙaramar hukuma ko ta mai unguwa ba shaidar mallaka ba ce.

Saboda haka tsarin da ya fi tsare dukiya shi ne a fara da binciken takarda a AGIS, a nemi safiyo ya bayar da zanen tare da faɗin ma'aunin da aka yi shi da shi, sannan a ɗora a waya a je a taka filin kusurwa-kusurwa kafin a biya ko sisi. Idan ɗigon da takardar suka saɓa, a riƙe kuɗin har sai safiyo ya warware dalili.