Abin da masana ke karantowa a gefen tsofaffin Alƙur'anan Barno

Maiduguri: Tsawon zamani, masu nazarin rubuce-rubucen hannu na Afirka ta Yamma sun fi mai da hankali ne ga matanin Larabci da ke tsakiyar shafi. Ƙananan kalmomin da malamai suka cusa a tsakanin layuka da gefen takarda kuwa, ana ɗaukarsu tamkar tunatarwar ɗalibi ce kawai. Cikin shekaru ashirin da suka shuɗe wannan fahimta ta sauya, kuma Barno na daga cikin wuraren da suka sauya ta.

Labarin ya faro ne a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da wani masani ɗan Ingila, A. D. H. Bivar, ya ɗauki hotunan wasu tsofaffin Alƙur'anai huɗu na ƙasar Barno. Ɗaya daga cikinsu na ɗauke da shekarar 1080 ta Hijira, wato 1669, zamanin da Sarakunan Saifawa ke mulki daga Birnin Gazargamu. A shafukan akwai sharhin Larabci, akwai kuma wani harshe na gida da aka rubuta da ajami. Hotunan sun daɗe a ajiye kafin Dmitry Bondarev da Philip Jaggar, wanda ɗaliban Hausa suka sani da littafinsa na nahawu, su soma nazarinsu a makarantar SOAS ta Landan wajen 2005. Bondarev ya ci gaba da aikin a Jami'ar Hamburg ta Jamus.

Sun laƙaba wa harshen suna Tsohon Kanembu. Dangin Barebarci ne, amma ba shi ne wanda ake ciniki da shi a Kasuwar Litinin ba, kuma alamu sun nuna ko a lokacin da aka rubuta shi ya riga ya zama harshen malamai. Aikinsa shi ne bin Larabcin Alƙur'ani kalma bayan kalma: ɗafe-ɗafen da ke ƙarshen kalmominsa suna nuna wa ɗalibi wanda ya yi aiki, da wanda aikin ya faɗa a kansa, da abin da ke jingine da wani. Ke nan fassara ce da darasin nahawu a haɗe.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne harshen bai mutu ba. Malaman Barno na amfani da wani salo nasa da suke kira Tarjumo, wanda ake karɓa baki da baki daga malami. A Yerwa, inda Shehu Abubakar Garbai ya kafa fadarsa a 1907 har unguwar Shehuri ta bunƙasa a kewayenta, akwai malaman da suka gaji wannan karatu. Babarbaren da bai zauna gaban malami ba zai tsinci kalma nan da can, sai an sake warware masa da harshen yau. Masanan Turai sun fahimci rubutun gefen ne da taimakon irin waɗannan malamai.

Wannan ya taɓa wata tsohuwar muhawara. A da, akan fara lissafin rubutaccen Barebarci daga nahawun da Sigismund Koelle ya wallafa a 1854, bayan ya yi aiki da Ali Eisami, ɗan Barno da bauta ta kai Saliyo. Alƙur'anin 1669 ya girmi wannan littafi da kusan ƙarni biyu. A fagen tarihin tunani ma, V. Y. Mudimbe ya nuna a 1988 cewa ilimin zamani game da Afirka an gina shi ne a kan taskar littattafan 'yan mulkin mallaka. Ousmane Kane ya mayar da martani, musamman a littafinsa Beyond Timbuktu na 2016, cewa akwai wata taskar ta Larabci da ajami da jami'o'i suka yi biris da ita. A ganinmu hujjar Barno ta fi kaifi, domin ta nuna yadda malamai suka horar da harshensu ya ɗauki nauyin ilimi.

Bahaushe ma na da rabo a nan. Tun 1960 Joseph Greenberg ya kawo hujjar cewa kalmomin karatu da rubutu ta hannun Barebari suka shigo Hausa, kuma har gobe almajiri mai neman zama gwani gabas yake dosa.

Sai dai takarda ba ta jure ruwa. A watan Satumbar 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ambaliya ta mamaye Shehuri har cikin fadar Shehu. Littattafan gado da dama a gidajen malamai suke, cikin gafaka da akwatuna. Kyamara na iya adana shafi, amma Tarjumo a bakin mutane yake, kuma ɗaukarsa na buƙatar shekaru a gaban malami.