Yuzuru Hanyu, zakaran zamiya a kan ƙanƙara da ya zaɓi tsalle mai wuya

Yau za mu leƙa wani wasa da ba a yi a ƙasarmu: zamiya a kan ƙanƙara. Ɗan wasa yana sa takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa, ya shiga fili shi kaɗai, ana kiɗa yana zamiya, yana tsalle yana jujjuyawa a iska. Alƙalai su ba shi maki gwargwadon wuyar tsallen da kyan saukarsa. Sau biyu ake fita, gajeren wasa da dogo, sannan a haɗa makin.

A ɓangaren maza, sunan da ya yi fice shi ne Yuzuru Hanyu, ɗan Japan, haifaffen Sendai a 1994. Yana shekara 4 ya fara. Ranar 11 ga Maris 2011, yana cikin atisaye girgizar ƙasa ta afka wa yankinsu. Da takalmin wasan a ƙafa ya fito da gudu, shi da iyalinsa suka kwana a wurin da aka tsugunar da mutane. Filin atisayensa ya lalace, amma bai bari ba. A 2012 ya koma Toronto ta Kanada, wurin koci Brian Orser.

A gasar Olamfik ta Sochi, a Rasha, a 2014, ya ci zinariya yana shekara 19. Wata uku kafin ta 2018 ya ji ciwo a idon sawun dama, aka ce to, shi ke nan. Sai ga shi a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu ya sake lashe zinariyar. Rabon da wani namiji ya yi haka sau biyu a jere tun Dick Button na Amurka, a 1948 da 1952. Ya kuma zama zakaran duniya a 2014 da 2017.

To, ga inda maganar take. Akwai tsallen da ake kira Aksel, wanda ake tashi ana fuskantar gaba, a sauka da baya. Shi ya sa mai juyi huɗu yake zama juyi huɗu da rabi, kuma kafin 2022 babu wanda ya taɓa saukarsa a gasa. A Beijin a 2022, Hanyu na iya tsayawa kan abin da ya saba, amma ya saka shi cikin dogon wasansa. Ya tashi, juyin bai cika ba, ya faɗi. Ya ƙare na 4, ba lamba.

A Yuli 2022 ya daina shiga gasa, ya koma nuna wasa ga ƴan kallo. Wata biyu bayan haka, Ilia Malinin na Amurka, yaro ɗan shekara 17, ya sauki wannan tsalle cikakke.