Mai Keke a Shataletale: Gefen Hanya Ya Fi Tsakiya Haɗari

Shataletale, wanda direbobi suka fi sani da randabawul, mahaɗa ce da ake kewaya wata da'ira a tsakiyarta maimakon a ratsa ta kai tsaye. Tun da Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha a 1991, unguwanni irin su Gesse suka cika, motoci da 'yan kabu-kabu da Keke Napep da masu keke suka riƙa haɗuwa a irin waɗannan mahaɗai, kowa yana ganin shi ne mai hanya.

Dokar kanta ba ta da sarƙaƙiya. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, wanda ya iso bakin shataletale shi ne zai dakata wa wanda ke ciki, wato mai tahowa daga hagunsa, ƙa'idar da Ingila ta wajabta irinta a 1966, kuma wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra, da aka kafa a 1988, take koyarwa. Wannan doka ba ta bambanta tirela da keke ba, ko da yake a aikace girman ƙarfe ne ke yanke hukunci.

Kuskuren mai keke, wanda tsoro ke jawowa, shi ne manne wa gefen dama. Manomin da ya ɗauro buhun shinkafa daga fadama, buhun ya ɗara sirdi faɗi, idan ya bi gefe to dole ya gifta bakin kowace mafita, daidai inda mota ke karyawa dama, alhali direban tifa ba ya hango shi a madubi. Abin da ya fi aminci a ƙaramin shataletale shi ne ya kama tsakiyar layinsa yadda za a gan shi, sannan ya miƙa hannun dama kafin ya fita. Idan kuwa mahaɗar mai layi biyu ce, sauka a tura keken ba abin kunya ba ne.

Sauran laifin na masu zana hanya ne, domin mashiga mai faɗi gudu take koya wa direba. A ƙasar Holan ana matse mashigar, a ware wa keke hanyarsa ta daban, a bar tazarar kimanin mita 5 tsakaninta da da'irar motoci, gwargwadon tsawon mota ɗaya, domin direban da ya fito ya sami wurin tsayawa yana fuskantar mai keken.